Gidan da Babu Wanda Ya Ɓata

Bishir, da kai nake, ko da yake Nafisa da Auta ma su karanta. Tun da maganar nan ta fita gari nake lura da yadda kake wuce Baffanku Sule a gindin tsamiya kamar ka ga kututture. Rabin labari ka ji, shi ma a teburin mai shayi. Ni da aka yi abin a gabana ina raye, hannuna kuma bai manta riƙon biro ba don na yi ritaya daga koyarwa. Ga shi nan duka daga farko. In ka gama karantawa ka ga fushin naka yana nan, to, aƙalla ka san a kan me kake yin sa.

Shekarar da aka ɗauke babanku gyaɗa ta yi kyau a Karare, har mutane suna cewa an daɗe ba a ga irinta ba. Kai kana makaranta a Katsina, Nafisa ta fara zama budurwa, Auta kuma bai daina bin zanina ba. Babanku manomi ne, amma abin da aka fi saninsa da shi gyaran injin niƙa. In inji ya tsaya a Batsari ko a ƙauyukan Safana, shi ake aika wa. Kun san ɗan yatsansa na hagu da bel ɗin inji ya gutsure, wanda yake tsokanar Auta da shi yana cewa ɓera ne ya cinye. Ni kuma bai taɓa kirana da sunana ba. Malama yake ce mini, da wata murya ta shaƙiyanci, kamar ɗalibin da ya makara. In ya gama shara ko ya ɗaure akuya sai ya tsaya ya ce, Malama, maki nawa na ci? Ranar nan da hantsi aka aiko daga Zakka cewa injin wani ya ƙi tashi. Ya ɗaure jakar sifanoninsa a bayan babur, ya ce in ajiye masa tuwonsa. Da la'asar sakaliya wasu masu dawowa daga kasuwa suka ga jakar a yashe a gefen hanya, sifanoni a warwatse cikin ciyawa, babu babur, babu mai babur.

Bayan 'yan kwanaki aka kira wayar Baffanku. Shi ne babba a gidan tun rasuwar kakanku, ni kuma Yaya nake ce masa. Ya sa wayar a sifika a tsakar gida, ni da Inna, kakarku, muna tsaye. Muryar yaro ce, wallahi ba zai girme ka ba. Ya faɗi abin da suke so, sannan ya ƙara da maganar da ta zame mana doka.

"Kada ku kuskura ku kai maganar ga hukuma. Muna da ido cikin garinku. Za mu turo a gwada ku, ba ku san ko wane ne ba. Randa bakinku ya buɗe, ku zo ku ɗauki gawa."

Aka miƙa wa babanku wayar. Muryarsa ta dushe, amma shi ne.

"Malama, ina nan. Ki ce ma Inna ta ci abinci."

Iyakar abin da ya samu ya faɗa ke nan aka fizge.

Ku da kuka saba da birni yanzu za ku ce me ya hana mu tafiya ofishin 'yan sanda a ranar. Ku tambayi duk wanda ya zauna a ƙauyukanmu a shekarun nan. Kafin namu, an ɗauki wani magidanci a unguwar gabas, ɗansa ya je ya kai rahoto, kafin ya dawo gida an kira an maimaita masa abin da ya faɗa, har kalar rigar da ya sa. Wa ya kai musu? Har yau ba a sani ba. Mai acaban da ya kai shi ne, ko wani da ke zaune a bencin ƙofar ofis, Allah masani. Magidancin dai bai dawo ba. Daga nan garin ya yi wa kansa ƙa'ida, ba a yi shela ba, ba a taru an yanke ba, amma har yaro ya san ta: in baƙo ya tambaya, kowa yana lafiya. Gidan da aka ɗauki mutum ba a zuwa jaje a fili, sai dai mata su shigo kamar aron rariya, su matsa hannunka su fita. Ni da bakina na zaunar da Auta na koya masa cewa Baba ya tafi ci-rani. Ni da na yi shekara da shekaru ina dukan 'ya'yan mutane a kan ƙarya.

Muka shiga haɗa abin da suka nema. Shanun huɗa suka tafi, gyaɗar da ake ta yabo ta tafi, ba zan tsaya lissafa muku ba. Ana cikin haka sai suka daina ba mu babanku a waya. In Yaya ya ce a ba shi ƙaninsa, sai su ce ba ya jin daɗi, ko yana wani sansani, ko su zage shi su kashe. Hankalina ya tashi ƙwarai, amma maƙwabta suka ce haka suke yi don a yi sauri.

Wata rana da azahar ina cikin ɗaki na ji tsayawar babur a ƙofar gida, na ji sallama. Yaya yana zaure. Na kasa kunne, ban ji komai sosai ba sai muryar baƙo ƙasa-ƙasa da ta Yaya tana amsawa a gajarce. Ba a jima ba babur ya tashi. Yaya ya shigo yana share gumi da hularsa. Ya zauna a kan turmi.

"Sun turo," ya ce. "Wallahi sun turo ɗan gwajin."

Inna ta dafe ƙirji. "Mi ya ce?"

"Yaro na, da 'yar riga da wando, ba kaki, ba mota. Wai shi ɗan sanda na. Wai nan ne gidan tsamiya? Akwai wanda ya ɓace a gidan ga? Akwai wata Malama? Kun ji, har sunan da ake kiranki sun sani."

"Sai ka ce mi?"

"Na ce gidan ga babu wanda ya ɓace, kowa na nan lahiya lau. Malama kuwa na ce ba mu da ita. Ya hiddo waya zai nuna mani wani abu, ni ko na kau da kai. Na san in na duba, huskata za ta tone ni."

Inna ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Ni kuma na durƙusa a gabansa, hawaye na zuba, na ce, "Yaya, Allah ya saka da alheri. Ka ceci ran ƙaninka." Da yamma labari ya zo cewa baƙon ya tsaya wurin mai faci da wurin mai shayi, duk sun ba shi amsa iri ɗaya, ya juya ya tafi. Garin ya yi ta yaba kansa a asirce. Washegari Inna ta sa aka soya waina aka raba wa yara sadaka, don mun tsallake gwaji.

Aka kai musu abin da suka nema, a inda suka ce. Suka ce a jira a bakin hanya, za su sako shi. Yaya ya yi wuni uku a jere yana zama a gindin wata kuka tun safe har rana ta faɗi. Daga nan lambar ta daina shiga.

Damina uku ta wuce mu a haka. Ba zan iya kwatanta muku wannan zama ba, kuma ba na fatan ku sani. Ni ba matar aure ba, ba mai takaba ba. In na wanke kayansa sai in ce don me, in na bar su sai in ce in ya dawo fa? Duk wanda aka sako daga daji, ko a wane ƙauye ne, sai Yaya ya hau mota ya je ya tambaye shi ko ya ga mai guntun yatsa. Wani ya ce ya gani, wani ya ce kamar ya gani, wani ya ce an wuce da shi Zamfara. Malaman duba sun ci kajinmu har na daina ƙirga, kowannensu kuma yana ganinsa a raye a gindin wani dutse. Inna ta rasu a damina ta biyu, tana kallon ƙofa. Liman ya ƙi yi wa babanku sallar gawa daga nesa, ya ce ba a sallatar wanda ba a tabbatar ba, kuma gaskiyarsa ce.

Nafisa ce ta fasa abin. Wata rana bayan sallar asuba ta juyo a kan darduma ta dube ni.

"Umma, in zan yi wa Baba addu'a, Allah ya jiƙansa zan ce, ko Allah ya dawo da shi?"

Ranar ban iya cin abinci ba. Da la'asar na sami Yaya a zaure na ce masa gobe zan tafi wurin 'yan sanda.

"Malama, kin san dokar garin ga."

"Dokar ta dawo mana da wa, Yaya? Nuna mini mutum ɗaya."

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce ba zai bar matar ƙaninsa ta shiga ofis ita kaɗai kamar marar dangi ba. Ku riƙe wannan: ba jan sa na yi ba, da ƙafarsa ya bi ni.

A ofishin farko wani jami'i ya rubuta bayanina, ya ɗago ya tambaye ni me ya sa sai yanzu. Na ce masa ɗana, in ka taɓa kwana da wayar da ake kira ana ce maka za a yanka naka, sai ka sake tambayata. Bai ji haushi ba. Ya duba littattafansu bai ga komai ba, dama ina za a gani, tunda ba mu kai ba? Amma ya ce dajin nan baki biyu gare shi, wanda aka ɗauka ta nan yana iya ɓullowa ta can, kuma duk wanda aka tsinta, da rai ko babu, ofishin da ya fi kusa ne yake buɗe masa fayil. Ya rubuta mana 'yar takarda zuwa wani ofishi a ɗaya ɓangaren.

Can muka tarar da benci cike da irinmu. Wata tsohuwa da hoton ɗanta a ƙulle a bakin zani, wani dattijo Bafulatani yana neman 'ya'yansa biyu, wata yarinya da goyo. Ban taɓa sanin muna da yawa haka ba, don kowa a gidansa yake ɓoye nasa. Da layi ya zo kanmu aka shigar da mu wani ɗaki wurin wata Saje, mace mai kamun kai, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta gaishe mu da ladabi, ta tambayi lokacin da abin ya faru, na ce kakar gyaɗa, damina uku baya. Ta tambayi alama, na ce ɗan yatsan hagu. Ta fita ta dawo da tulin fayiloli ɗaure da igiya, gefen wasu gara ta taɓa.

"Mama, waɗannan na waɗanda aka tsinta ne ba a san danginsu ba. Akwai hotuna. Wasu ba su da daɗin gani. Za ki iya?"

Na ce zan iya. Ƙarya na yi. Fuskokin bayin Allah ne, ɗaya bayan ɗaya, kowanne an maƙale shi a kusurwar takarda. Wasu idonsu a rufe, wasu ba a gane fuskar ma. Kowanne ɗan wani ne, kowanne akwai gidan da ake ajiye masa tuwo. Yaya yana gefena yana ta salati a hankali. Ina ta roƙon Allah kada in gan shi, ina kuma roƙon in gan shi, ban san wanne nake nufi ba.

Sai ta buɗe wani, na ga babanku yana kallona.

Kallona yake, Bishir. Idonsa biyu a buɗe. Yana kwance a gadon asibiti, an naɗe kansa da bandeji, gemunsa ya yi fari fat kamar ba shi ba, hannunsa na hagu a kan ƙirji, ga guntun yatsan nan. Na shirya ganin gawa. Shekara uku ina shirya kaina in ga gawa. Ban shirya ganinsa da rai a kan katifa, da ledar ƙarin ruwa a rataye a gefensa ba. Yaya ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa.

"Shi na! Wallahi shi na! Yana ina? Yana asibitin?"

Sajen tana bin takardar da ido. Ni kuwa shekara talatin na yi ina tsayawa a gaban teburin yara ina karanta rubutunsu a juye, don haka kafin ta kai tsakiyar shafi na riga ta. Ta lura. Ta dube ni, sannan ta juyo fayil ɗin ta tura gabana.

Da Turanci aka rubuta, da hannun wani kofur mai rubutu ƙanana a tsare. Yaya ba ya karanta boko. Ya matso da kujerarsa.

"Mi anka rubuta, Malama? Karanta mani."

Na ɗora yatsa a kan layi ina fassara masa. An rubuta cewa wasu mata masu itace ne suka tsince shi a bakin daji wajen Tsaskiya, da rauni a ka, tafin ƙafafunsa duk sun tsattsage, da guntun igiya a wuyan hannunsa. Alamu sun nuna gudowa ya yi. Gudowa, Bishir! Babanku da ƙafarsa ya fito. Duk lokacin nan da suke ce mana ba ya jin daɗi, yana wani sansani, ba ya hannunsu. Iska muke ciniki a kai. Na ci gaba. An kai shi asibiti. Raunin ya taɓa maganarsa, an tambayi sunansa ya kasa faɗa. Abu uku kawai yake maimaitawa, kofur ɗin ya rubuta su da Hausa yadda ya ji su: Karare. Gidan tsamiya. Malama.

Nan muryata ta tsaya. Idona ya riga ya sauka kan sakin layi na gaba.

Kofur ɗin ya rubuta cewa ya ɗauki hoton majinyacin a wayarsa, ya hau babur ya tafi Karare cikin farin kaya saboda hatsarin hanya. Ya sami gida mai tsamiya a ƙofa. Maigidan, wani dattijo mai suna Sule, ya ce babu wanda ya ɓata a gidan, babu kuma wata Malama, ya ƙi duba hoton. Ya tambayi mutum biyu a gari, sun ce ba su san da ɓatan kowa ba. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya, cewa mai yiwuwa majinyacin ruɗewa yake yi, a bincika ko akwai wata Karare a wani wuri.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon layin nan ba. Na tuna wainar Inna. Na tuna gwiwata a ƙasa. Ga mutumin a gefena, numfashinsa yana taɓa kafaɗata, ya tsufa shekara goma a cikin uku saboda neman ƙaninsa, yana jira in karanta masa. Wani abu a raina ya ce in karanta da ƙarfi, kowa a ofishin ya ji. Ina da zafi, kun sani. Amma na ɗaga yatsana na tsallake, na sauka a ƙarshen shafi. Sajen ta ga abin da na yi, ta sunkuyar da kai.

Ƙarshen shafin ya ce ya yi makonni a asibitin. Wani lokaci yana shan kunu, wani lokaci ya ƙi. Daga baya zazzaɓi ya shige shi, ya rasu da safiyar wata Juma'a. Ba a sami dangi ba, masu aikin gayya na garin suka yi masa wanka da sutura, aka sallace shi bayan an sauko daga masallaci.

Makonni. Tafiyar da ba ta kai a yi sallar azahar a nan a yi la'asar a can ba. A kasuwar wancan garin Yaya ya sayar da shanun huɗa, ta ƙofar asibitin ya kora su.

Sajen ta haɗa mu da wani yaron ofis ya kai mu maƙabarta. Mai gadin wurin ya kai mu can jikin katanga, inda ake sa baƙi. Ya nuna wasu kaburbura da ruwa ya fara shafewa, ya ce na kakar nan suna cikin waɗannan, amma ba zai rantse a kan wanne ba. Ni na tsaya daga bakin ƙofa. Yaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa a kan kowanne ya yi addu'a, har da waɗanda ba namu ba. Da ya gama ya fito, muka tsaya a inuwar katanga muna jiran abin hawa. Bai dube ni ba.

"Malama, hoton ga, da waya anka ɗauke shi ko?"

"Da waya ne, Yaya."

"Na ga yatsanki ya yi tsalle. Ban iya boko ba, amma na ga inda kinka tsallake. Yaron nan mai babur. Yana ciki?"

Na kau da kai.

"Don girman Allah, karanta mani. Na san kin haddace."

Na haddace kuwa. Har yau in na rufe ido ina ganin rubutun. Na faɗa masa duka, ban rage ba, ban ƙara ba. Ya saurara har ƙarshe. Sai ya zame a jikin katangar ya zauna daɓas a ƙasa, dattijo da furfurarsa, ya cire hula ya riƙe ta da hannu biyu. Bai yi kuka ba. Da ma ya yi.

"Ya miƙo mani," ya ce. "Har hannunsa ya taɓa rigata. Da na sauke ido kaɗai." Can ya ɗago ya dube ni kamar bai san ni ba. "Kuma kinka ce mani Allah ya saka."

Na ce, "Na ce, Yaya. Kuma da ni ce a zauren, abin da zan faɗa ke nan."

Ban faɗa don in lallashe shi ba. Gaskiya ce, kuma ita ce ta fi ci mini rai. Na nemi wanda zan tsana a ranar, na rasa. Kofur ɗin ya yi kasada da ransa a kan hanyar da ko mota ba ta bi, don mutumin da bai san sunansa ba. An yi masa canjin wurin aiki, ban taɓa ganinsa ba, amma yana cikin addu'ata kullum. Mai faci da mai shayi don ƙaunar babanku suka rufe baki. Waɗanda suka ɗauke shi kuwa, da magana ɗaya a waya suka ɗaure gari guda, suka tafi suka bar mu muna yi musu gadi.

Muka dawo, na shiga takaba, aka yi zaman makoki shekara uku bayan mutuwa. Nafisa ta sami amsarta. Na ce wa Yaya abin da ke cikin fayil ɗin ya tsaya tsakanina da shi, ko ku ba zan gaya wa ba, kuma na cika alkawari shekaru. To, ta ina maganar ta fita har ta iso teburin mai shayi? Wannan ne rabin da ba a gaya maka ba. Shi ya fitar da ita, da bakinsa. Bara da aka ɗauki ɗan gidan Malam Audu, maƙwabcinmu, suka fara irin rufe bakin nan, suna koya wa yara cewa ya tafi ci-rani. Baffanku ya ɗauki sandarsa ya shiga zaurensu, ga mutane cike, ya zauna ya ba da labarin kansa tun daga tsayawar babur har jikin katanga. Ya ce musu ko ba za su je da kansu ba, su tura wani amintacce a rubuta sunan yaron da alamunsa a kowane ofishi da kowane asibiti, kuma duk wanda ya nuna musu hoto, su duba. Tun daga nan duk gidan da aka yi ɓata a yankin nan sai ya je. Kowane zuwa sai ya sake tsiraita kansa a gaban mutane. Wasu sun ji, wasu sun ce tsufa ne. Wasu kuma suka tsinci abin da ya fi daɗin yaɗawa, cewa Sule ya kori ɗan sandan da ya zo da labarin ƙaninsa, suka miƙo maka, kai kuma ka karɓa.

Ba na ce kada ka ji zafi ba. Ubanka ne ya yi makonni yana kiran gida ba a amsa ba. Ni sunana yake kira, ka ga kuwa ba ka fi ni ba. Akwai ranakun da har yanzu in na kai wa Baffanku abinci sai na ajiye na juya da sauri.

Shekaranjiya da ka zo, ina zaure ina kallo. Yana zaune a gindin tsamiya, inda yake wuni yanzu, don duk babur ɗin da ya tsaya sai ya miƙe ya tare shi. Ya ce maka sannu da zuwa. Ka tsaya, ka kalle shi tun daga sama har ƙasa, ka wuce ba ka amsa ba. Raina ya ɓaci, na yunƙura zan bi ka ciki in ci maka mutunci. Ya ɗaga mini hannu.

"Ƙyale shi, Malama," ya ce. "Shi ai ya dube ni kahin ya wuce."